Lalle a Hannun Hagu

Ranar Talata da hantsi aka bugo waya daga asibitin yara, ana neman wani daga sashen 'yan sanda masu binciken cin zarafin yara a Lyon. Sufeto Safi Bukari ce ta ɗauka, don ita kaɗai ta rage a ofis, sauran sun sulale shan kafe. A takarda muƙaminta laftana ne, amma 'yan Nijar mazauna garin ba su taɓa kiranta da shi ba. Sufeto suka laƙaba mata tun ranar da ta shiga aiki, ita ma ta gaji da gyara musu.

Ba wannan kaɗai ya gajiyar da ita ba. Daga Damagaram ta zo karatun shari'a, da niyyar ta koma gida ta zama alƙaliya. Ga shi ta haura shekara goma tana bin gidajen mutane tana duba jikin 'ya'yansu, kuma a kowane gida amsar ɗaya ce, wai yaro faɗuwa ya yi. Ta ɗauki rigar sanyinta, ta leƙa ɗakin kafe ta yafito abokin aikinta Alain.

Likitar da ta tarbe su ba ta ɓata lokaci ba.

"Sunanta Ruwaida Moutari, shekararta bakwai. Jiya ta faɗi a aji da zazzaɓi. Mun nemi inda zazzaɓin ya fito, muka same shi a tafin hannu."

Yarinyar na kwance, fuskarta na kallon bango. Hannayenta biyu sun sha lalle. Na dama zane ne siriri mai kyau, ganye da furanni, da 'yan ƙafafun tsuntsu a gindin babban yatsa. Na hagu kuwa an cike tafin gaba ɗaya, ya rine har ya yi duhu. Likitar ta haska fitila a kai. A ƙarƙashin lallen akwai tabo-tabon ƙuna masu siffar ƙwai, wasu sun daɗe da warkewa, ɗaya sabo ne ya yi ruwa.

"Ƙarfe ne mai zafi, kuma ba sau ɗaya ba," in ji likitar.

Safi ta sunkuya ta yi wa yarinyar magana da Faransanci, shiru. Ta juya zuwa Hausa, "Ruwaida, sannu ko? Wa ya yi miki wannan?" Yarinyar ta cusa hannun a ƙarƙashin bargo, ta runtse ido.

A baranda Alain ya karanto mata abin da aka sani. Uwar yarinyar ta rasu, uban ne kaɗai ke riƙe da ita a Bron, a gefen Lyon. Mai bincike ne kan ruwan sha a jami'a, kuma tun da safe yana tsare a komisariya, wato ofishin 'yan sanda. Ranar Juma'a alƙalin yara zai yanke inda za a kai ta. Amma an yi dace, in ji shi, yayar uban ta bugo daga Clichy-sous-Bois, kusa da Paris, ta ce a ba ta 'yar ƙaninta. Ma'aikaciyar jin daɗin yara har ta fara cika takardu.

"Uba ne, kullum uba ne," in ji Alain. "Mu gama kafin Juma'a, yarinya ta tafi wurin danginta."

Safi ta gyaɗa kai, don ita ma ta ji sanyi da aka ce akwai gwaggo. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai har suka isa mota. Ana tsakiyar watan Maris, ba Salla, ba ta kuma ji labarin wani biki ko suna a cikin 'yan Nijar na Lyon ba, ita da ba a yin taro ba a aiko mata. To wa ya zauna ya ƙunsa wa 'yar makaranta lalle haka kawai?

Moutari Abdulsalami dogo ne siriri, ya zauna a ɗakin tambayoyi kafaɗunsa a zube. Da ya ga fuskarta ya miƙe.

"Ina wuni, Madam Sufeto?"

"Lahiya lau, Malam Moutari. Zauna. Mi ya sami hannun ɗiyarka?"

"Ƙarhen ɗumama ɗaki ta taɓa."

"Sau nawa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Yaro in wuta ta ƙone shi sau guda, ba ya komawa. Ita kuwa ta koma ta koma, kuma kullum tsakiyar tahi guda. Lallen hwa, wa ya sa mata?"

"Wata maƙwabciyarmu."

"Sunanta?"

"Na mance."

"Hutun makarantar nan da aka gama, ina ta yi shi?"

"Gida. Muna tare."

"Kai ka ƙone ta?"

"Wallahi ban taɓa ɗaga mata hannu ba."

Wannan ce kaɗai amsar da ya ba ta yana kallon idonta. Ta tura masa takardar bayani don ya sa hannu. Biron ya gangaro zai faɗi ƙasa, sai ya cafe shi caraf da hagu, sannan ya mayar da shi dama ya sa hannu a hankali. Ta gani, ta riƙe a ranta.

Washegari suka nufi makarantar, wata 'yar lekol mai zaman kanta a bayan layin taram. Darakta, Mushe André, mutum ne mai fara'a da yawan magana, irin wanda ke ba ka amsa tun ba ka gama tambaya ba.

"Abin ya girgiza mu ƙwarai. Amma ina tabbatar miki, duk ma'aikatana sun sami horon da doka ta ce. Ba mu ga wata alama ba."

Safi ta san dokar nan kamar yunwar cikinta. Tun shekarar 2007 aka ƙara jaddada cewa malamai da masu kula da yara sai an horar da su kan yadda ake gane yaron da ake cuta, da inda ake kai magana. Ba a ce malami ya zama ɗan sanda ba, an ce dai ya iya gani, in ya gani kuma ya faɗa. Amma ta sha shiga makarantun da dokar ke kwance a aljihun tebur tana barci, kuma duk daraktan da ya riga ta ambaton horo, ta kan ɗora masa alamar tambaya.

"Yaushe aka yi horon?"

"Bara, ina jin. Ko bara waccan. Sai na duba."

"Duba, ina jira. Bari in ga malamar ajinta."

A hanyar ajin ta tsaya wurin da yara ke rataye rigunan sanyi. Ta ɗaga wata 'yar riga ja, sai ga hoton lambar nan ta 119 da ake bugawa a kai ƙarar cin zarafin yara, manne a bango a bayan riguna, inda ba mai ganinsa sai ƙusa.

Malamar ajin matashiya ce, idanunta sun kumbura da kuka.

"An taɓa yi muku horo kan cin zarafin yara?"

Ta dubi ƙofa kafin ta amsa. "An sa rana, sai aka ɗaga saboda bikin ƙarshen shekara. Aka sake sawa, bututun ruwa ya fashe. Daga nan ban sake jin zancen ba."

"Me kika lura da shi game da Ruwaida?"

"Bahaguwa ce, kuma rubutunta ya fi na kowa kyau. Amma duk aka dawo hutu sai ta koma rubutu da dama, kamar kaza ta yi tono. In an kwana biyu ta koma hagu. Na ɗauka lalacin hutu ne."

"Lallen fa?"

"Shi ma duk bayan hutu take zuwa da shi." Ta share ido. "Na ɗauka al'adarku ce, na ji tsoron kada in yi tambaya a ce na raina mutane. A watan Nuwamba har na fito da ita gaban aji, na ce ta ɗaga hannuwa yara su ga ado irin na ƙasarsu. Suka yi mata tafi."

Safi ta rubuta wannan ba tare da ta ɗago kai ba. Haushi ya taso mata, amma ta rasa wanda za ta sauke wa, don matar nan ba muguwa ba ce. An dai bar ta ne da ido biyu ba a nuna mata abin da za ta duba ba.

A kantin, inda yara ke cin abincin rana, ta sami Achta, wata 'yar Chadi mai jiki, tana goge tebura. Da ta ji Hausa a bakin 'yar sanda sai ta saki tsumma.

"Ayya, 'yar uwa, ina kwana? Yaya jikin yarinyar nan?"

"Da sauƙi. Ke ce mai zuba musu abinci?"

"Ni ce. Ruwaida ai tawa ce, marainiyar Allah. Da can da hagu take ci, na yi ta hana ta ba ta ji. Amma tun da ta fara zuwa hutu Paris wurin gwaggonta, sai ta gyaru. Har na ce a raina, matar nan ta iya tarbiyya."

Safi ta daina rubutu. "Paris take hutu?"

"Kowane hutu. Wannan ma can ta yi, ita ta gaya mini. Gwaggon ce ke yi mata lallen, ai sana'arta ce, amare take yi wa."

"Ba ki taɓa ganin wani abu da ya dame ki ba?"

Achta ta murza bakin zanenta. "Akwai rana guda. Na ciro cokali daga tukunyar miya yana tururi zan zuba mata, sai ta saki faranti ya fashe, ta ɓoye hannu a baya tana kyarma. Na tambaye ta, ta ce Gwaggo ta ce mai ci da hagu da shaiɗan yake ci. Na ce gaskiya ne, Gwaggo ta faɗi daidai. Na share wurin."

"Ba ki gaya wa darakta ba?"

"In ce mishi me? Yarinya ta fasa faranti?" Hawaye suka zubo mata. "'Yar uwa, a gidan nan an koya mini wankin hannu, an koya mini sanyin firiji, har jarrabawa na yi a kai. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce in kin ga kaza a jikin yaro, ga inda za ki. Da na sani, wallahi da na je."

Da suka fito, Mushe André na tsaye bakin ofishinsa, wai har yanzu yana neman ranar horon.

"Bar nema," in ji Safi. "Ba za ka samu ba. Mai gabatar da ƙara zai ji daga gare ni, ku yi bayanin da shi."

A mota Alain ya buga sitiyari. "Wato matar da za mu miƙa wa yarinyar ranar Juma'a."

"Ita. Amma zancen mai kantin kaɗai ba zai tsayar da takardun ba. Mayar da ni komisariya."

Moutari ya ƙara zubewa a kwana ɗaya. Wannan karon ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Malam Moutari, buɗe mini hannunka na hagu."

"Don mi?"

"Buɗe dai."

Ya daɗe yana kallon tebur, sannan ya shimfiɗa hannun. A tsakiyar tafin akwai wani tsohon tabo mai siffar ƙwai, ya yi fari ya shafe, sai an ƙura ido ake ganinsa.

"Kai ma bahago ne."

"Da can."

"Wa ya gyara ka?"

Ya dunƙule hannun.

"Ka ce mini a gida ta yi hutu, alhali Paris ta yi shi. Ka ce maƙwabciya, alhali yayarka ce. Ni ba baƙuwa ba ce, na san abin da kake karewa."

"Ba ki sani ba, Madam." Ya girgiza kai. "Ina goye uwarmu ta rasu. Yaya Mero ta sauke ni daga bayan gawa ta ɗora a nata. Ita ta saida ƙosai ta sa ni lekol. Duk abin da na zama, ita ce. Yau in buɗe baki in ba Nasara sunanta? Da wane ido zan koma Damagaram?"

"Ka san tana ƙona ɗiyarka?"

"Na ga hannun a Nuwamba. Na yi mata magana a waya, ta ce ni ma haka ta yi mini, ga shi na zama mutum. Na ce don Allah ta bari, ta ce to. In ana hutu ba ni da mai riƙe mini ita, ina aiki. Na sake kai ta." Ya dafe goshi. "Ku rufe ni. Na yarda in ɗauka."

"Kana iya ɗauka, ba wanda zai hana ka. Amma bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. Yayarka ta nemi a ba ta Ruwaida, kuma an yarda. In ka ci gaba da shiru, jibi alƙali zai sa hannu. Ba hutu za ta je ba wannan karon, zama za ta yi, kai kana kaso a ɗaure, ba mai ɗauko ta in lekol ta koma."

Ya ɗago kai a firgice, ya dube ta ko wasa take. Da ya ga ba wasa a fuskarta, sai ya kifa kai a kan tebur ya yi kuka irin na babban mutum, mara sauti. Ta bar shi ya yi mai isarsa, don ta san abin da zai faɗa ya fi masa ɗaurin ciwo. Daga baya ya share fuska ya ce ta kawo takarda.

Ranar Alhamis da sassafe suka hau jirgin ƙasa zuwa Paris, da izinin mai gabatar da ƙara. Alain ya yi barcinsa tun kafin a fita gari. Safi kuwa ta zauna tana kallon gonaki na wucewa. A gidajen da ta taso, ba yaron da bai sha ɗan duka a bayan hannu ba in ya miƙa hagu cikin kwano, ita ma ta sha. Amma daga ɗan duka zuwa wuta akwai nisa, kuma ba ta taɓa jin malamin da ya ce a kai can ba.

Wasu 'yan sanda biyu na yankin suka ɗauke su a tasha zuwa Clichy-sous-Bois. Lif ɗin benen ya mutu, suka hau da ƙafa, Safi na tsayawa tana maida numfashi. Ta ce mazan su jira a matakala.

Hajiya Mero ta buɗe ƙofa da fara'a. Dattijuwa ce mai tsabta, gidan na ƙamshin turaren wuta, yatsunta sun rine da lallen shekaru.

"Marhaba, marhaba. Ashe tamu ce aka aiko. Ɗiyar wa ce ke a Damagaram?"

"Ɗiyar Malam Bukari ce, na unguwar Birni. Ina kwana, Hajiya? Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Yaya aiki, yaya sanyi? Ina labarin ɗiyata Ruwaida? Shigo ki ga ɗakinta, na san shi kika zo dubawa."

Ta gyara ɗakin tsaf, sabon zanen gado, har da 'yar tsana a kan matashi. Safi ta yaba, suka dawo falo. Bangon falon cike yake da hotunan hannayen amare.

"Yaushe rabonki da Ruwaida, Hajiya?"

"Tun babban hutun bara. Moutari ba ya kawo ta. Na sha gaya mishi namiji ba ya renon ɗiya mace, ga irinta nan. Ban san zuciyarshi ta yi zahi haka ba."

Safi ta ji maganar har cikin ranta. Mutumin na can ya yarda a ɗaure shi don ya rufa wa matar nan asiri, ita kuwa ga yadda take sayar da shi a kan kujerarta. Ta danne, ta tashi tana duba hotunan.

"Aikinki na da kyau, Hajiya. Ƙanwata za ta yi aure, ina neman mai irin wannan zanen." Ta ciro hoto daga jaka, hannun dama ne kawai a ciki, ba fuska. "Na ga wannan a Lyon. Ko kin san mai yin shi?"

Hajiya Mero ta sa tabarau, ta yi dariya. "Wa zai yi shi in ba ni ba? Dubi ƙafar tsuntsun nan a gindin yatsa. Tun daga Paris har Marseille ba mai wannan sai Mero. Kuma sabo ne, bai wuce kwana goma ba, kin ga bai fara kodewa ba."

"Hannun Ruwaida ne, Hajiya. Shekaranjiya aka ɗauke shi a asibiti."

Dariyar ta tsaya. Ta cire tabarau ta ajiye a cinya.

"Kin ce rabonki da ita tun bara."

"Tsufa ne, na mance. Ta zo kwana biyu."

"Ga na hagun." Safi ta ajiye hoto na biyu a gefen na farko. "Mi ya sa wannan ba fure, ba ganye, sai cikewa?"

Hajiya Mero ta ƙura wa hoton ido. Safi ta kira mazan suka shigo, aka shaida wa Hajiya za a duba gida. Ba a daɗe ba Alain ya fito daga kicin da wani cokalin ƙarfe. Ba cikin sauran cokula ya same shi ba, a rataye yake shi kaɗai a ƙusa kusa da murhun gas, bayansa ya yi baƙi da wuta. Ya ɗora shi kusa da hoton, girman ya zo daidai.

"Ƙaninki ya yi magana," in ji Safi. "Ya nuna mini nashi tabon."

A nan ne fuskar dattijuwar ta sauya. Ba kunya ce ta bayyana a kanta ba, mamaki ne.

"Moutari? Moutarin da na goya?"

"Shi."

Ta gyara zama, ta yi magana kamar mai ba da labarin abin da kowa ya sani.

"Ni na yi. Ba don ƙi ba, Allah ya sani. Ranar sunan jikan wata ƙawata a Sevran, mata cike da ɗaki, aka ajiye kwano, ɗiyar nan ta zura hannun hagu. Hannun da ake tsarki da shi. Ɗakin ya yi tsit. Na ji wata na cewa marainiya ce, ba mai kwaɓarta. Ni Mero ina zaune a ce jinina ba shi da mai kwaɓa? Na yi mata faɗa, na yi duka, ba ta bari ba. Ubanta sau guda na ɗora mishi cokali ya bari har yau. Ita kuwa duk na gyara, lekol ta ɓata, su ba ta biro a hagu su ce ta yi daidai. Sai in sake."

"Lallen hwa?"

"Lalle magani ne, yana sanyaya ƙuna."

"Yana kuma rufe ta."

Hajiya Mero ta kawar da kai. "Ke ɗiyar Musulmi ce, kin san abin da nake nufi."

"Na san ana koya wa yaro ci da dama, Hajiya. Ni ma an koya mini, ga hannuna ba tabo. Ita shekararta bakwai, in ta ga cokali na tururi sai ta saki faranti. Tashi ki ɗauki mayafinki."

Ta tashi ba gardama. Ta leƙa kicin ta tabbatar gas a kashe yake, ta ja ƙofar ɗakin da ta gyara wa yarinyar ta rufe. Safi ta hana a sa mata ankwa. Maƙwabta sun leƙo ta ƙofofi suna kallo aka sauko da ita a hankali, tana dafe da ƙarfen matakala. A bakin mota ta waiwayo.

"Ki gaya wa Moutari na yafe mishi."

Safi ba ta ce za ta gaya masa ba. Ta rufe mata ƙofar motar.

Ranar Juma'a alƙali ya soke zancen Paris. Ya ce Ruwaida za ta zauna a asibiti har hannun ya warke, daga nan a duba ko za ta koma wurin ubanta ƙarƙashin sa ido, don shi ma akwai tambayar da zai amsa kan shirun da ya yi tun Nuwamba. Da rana Mushe André ya bugo waya, murya a sanyaye, wai sun yanke shawarar yin horon, har da ma'aikatan kantin, ko Sufeto za ta zo ta yi musu bayani? Sai dai makonnin nan a cike suke, ko a bari sai bayan hutun Ista?

"Litinin," in ji Safi. "Kuma ka cire rigunan nan daga kan lambar 119." Ta ajiye wayar.

Da la'asar ta biya asibiti da lemo a jaka. Yarinyar na zaune a gado, an naɗe hannun hagun da farin bandeji, 'yan yatsu kawai a waje. Safi ta zauna ta ɓare lemon, ta gaya mata ba za a kai ta Paris ba, kuma babanta zai zo gobe. Ruwaida ta zuba wa lemon ido. Da aka miƙa mata ɓarin lemo, sai ta dubi hannunta na dama, ta dubi na hagu, ta mayar da su duka biyun baya.

"Da wanne zan amsa?" ta tambaya a hankali. Ita ce maganar farko da Safi ta ji daga bakinta.

Safi ta dubi bandejin. Ta ajiye lemon a tsakiyar bargo, ta tashi ta je taga, ta tsaya tana kallon taram na wucewa a ƙasa, ta ba yarinyar baya.

Da ta juyo, lemon ba ya nan. Ruwaida na taunawa tana satar kallonta, ruwan lemo ya ɗiga ya ɓata farin bandejin.